Albashi ba ya kai mu tsakiyar wata, maigida ya ce ni ce mai ɓarna

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Gombe, shekarata 11 a ɗakin miji, 'ya'yanmu huɗu, ga kuma ƙanen maigida da ke zaune tare da mu yana karatu. Maigidana malamin makaranta ne. Kullum da safe yana ajiye min naira 3,000 na cefane, a ciki har da ruwa da gawayi, amma da wata ya raba sai kuɗin su koma yau akwai gobe babu, dole in jingina da mai shagon bakin layi. Yanzu yana bin mu 47,000, har kunyar aiken yara nake ji. Ina ɗan taɓa ɗinki, da can kuma ina sayar da ƙanƙara da zoɓo, to firjin ya mutu tun bayan azumi. Ya daɗe yana wata irin ƙara, na faɗa wa maigida ya ce a bari a yi albashi, ranar da wuta ta dawo da ƙarfi sai ya yi shiru. Ɗakin yara yana yoyo tun bara, katifarsu ta ruɓe. Babur ɗinsa kuwa kusan duk mako yana wurin bakanike. Da na yi magana sai ya ce ni ce ba ni da tattali, wai ina zubin adashe biyu, kuma ba bikin da ke wuce ni. Gaskiya ina zuba 500 kullum a ɗaya, 10,000 duk wata a ɗayan, kuma na yi anko uku a 'yan watannin nan. Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne ban taɓa sanin albashinsa ba, kuma na san duk wata yana aika wa mahaifiyarsa kuɗi a ƙauye. Yanzu ba ma wata hira sai faɗan kuɗi. Ƙawata ta ce in sayar da 'yan kunnena na gwal in sayi sabon firji, yayata kuma ta ce in kai ƙararsa wurin yayansa. Wanne zan bi? Daga wata baiwar Allah, Gombe.

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sanyaya miki zuciya. Duk cikin wasiƙarki, wurin da na fi daɗewa a kai shi ne kunyar aiken yara shago, don na san yadda take. Yaro ya je ya rakuɓe a gefe sai masu saye da kuɗi a hannu sun watse, sannan ya ce a hankali wai in ji Mama a ba da magi da rabin kwalbar mai, mai shago ya ja numfashi, ya jawo littafi, ya lashi yatsa yana neman shafinku. Uwa tana cikin gida amma kamar ita ce a tsaye a wurin. Saboda haka ban ɗauki damuwarki da wasa ba. Sai dai a cikin shawarwarin nan biyu da aka ba ki, ba wadda zan ce ki bi a yanzu. 'Yan kunnenki su zauna inda suke, yayan maigida ma a ƙyale shi tukuna.

Ki ɗauko biro mu yi ɗan lissafi. Naira 3,000 sau kwana 30 ta kama 90,000. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ban ce abin da maigidanki ke ɗauka ke nan ba, mai yiwuwa ya haura, amma ki duba: cefanen gidanki kaɗai, in da zai iya bayarwa har ƙarshen wata, ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci gaba ɗaya. Ba a zuba wa babur mai ba, ba a biya kuɗin makarantar yara ba, ba a sayi magani ba, ba a aika wa tsohuwa ba. Kuma kin san tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta tashi zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000, komai na kasuwa kuma ya bi ta. To mutumin da kuɗinsa ke ƙarewa ranar 15 ga wata, ni ban ga alamar yana zaune a kan wata dukiya yana ɓoye miki ba. Abin da na fi zato, kunyar adadin yake ji. Maza da yawa sun gwammace a ce musu marowata da a ce sun gaza, shi ya sa magana tana dosar albashi sai su hau faɗa.

Wannan bai wanke shi ba fa. Ba daidai ba ne mutum ya rufe littafi sannan ya ce ke ce ba ki iya lissafi ba. Macen da ake miƙa wa kuɗin yini ɗaya ba ta da damar yin tattalin wata, don kullum a farashin ƙulli-ƙulli take saye, wanda shi ne mafi tsada a duk kasuwa. Sannan wannan kalmar tasa ta "a bari a yi albashi" ita ta ci firjin, ita ta ci katifar yara, kuma in na fahimci wasiƙarki daidai, ita ke cin babur ɗinsa yanzu.

Ke ma zan faɗa miki taki, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Zubin 500 kullum 15,000 ne a wata, ki haɗa da 10,000, kin ga 25,000 ke fita daga hannunki duk wata alhali mai shago yana bin gidan 47,000. Adashe ba laifi ba ne, shi ne bankin da ya rufa wa mata da yawa asiri, kuma abin da kika samu da keken ɗinkinki naki ne, ciyarwa da tufatarwa a wuyan miji suke. Amma ki tambayi kanki tsakani da Allah, kwasar da kika yi ta ƙarshe ina ta tafi? In amsar ita ce anko da gudummawa da kuɗin ɗinki da lalle, to maigida yana da abin kamawa. Kuma in har wani lokaci daga cikin kuɗin cefanen kike cire 500 ɗin ranar da ɗinki bai kawo ba, ya sani, ko bai faɗa ba. Namiji yana gane miyar da aka rage wa kuɗi.

Yanzu ga abin da nake ganin ku duka biyu ba ku kalla ba, don kun shagala da kallon juna. Kuɗin gidanku ba a tukunya suka fi zurarewa ba. A kayan da suka lalace aka bar su suke tafiya. Ki lissafa ribar ƙanƙara da zoɓo da kike samu a rana lokacin zafi, watan Maris da Afrilu da garin Gombe ke tafasa, ki ninka da kwanakin da firjin ya yi a mace. Ki ƙara da sauran miya da tuwon da yanzu suke lalacewa don ba inda za a sa su. Ki je ki tambayi kuɗin sabuwar katifa, ki kwatanta da kuɗin ƙusa da ledar kwalta da ladan kafinta na rabin yini. Shi kuma ya haɗa abin da yake miƙa wa bakanike duk mako da kuɗin Keke Napep na ranakun da babur ya kwana a gareji. Na tabbata in kuka tara waɗannan sun ninka bashin mai shago. Ɗan hakin da aka raina ne ya tsone muku ido: ƙarar firji, ɗigon ruwa a kusurwar silin, baƙin man da ya wuce lokacin juyewa. Kowannensu ya yi ta sallama kafin ya shigo.

Abu na farko da za ki yi ba ya buƙatar izinin kowa, ba ya kuma cin ko sisi. Ki samu tsohon littafin yara mai sauran shafuka, ki rubuta duk abin da ya fita daga hannunki na tsawon wata guda. Duk fa. Kurar ruwa, gawayi, niƙa, ashana, omo, katin waya, data, naira 50 ɗin da aka ba auta ya daina kuka, sadakar almajiri, cajin mai POS. Kada ki bari sai dare, za ki manta rabi. Ki rataye littafin kusa da madafa da biro ɗaure a jiki. A gefe guda ki rubuta abin da ya shigo: na maigida daban, na ɗinki daban. Duk matar da na sa ta yi wannan sai ta dawo tana mamaki, kuma yawanci ba shinkafa ce ke ba ta mamakin ba, ƙananan nan ne. Cire 5,000 sau shida a wata, ko naira 100 ake cajinki kowane zuwa, kin ba da 600 a banza. Data da ake saye ta kwana ɗaya-ɗaya ma, in aka tara ta a wata, kuɗi ne ba kaɗan ba.

Da wannan littafin za ki je wa maigida, kuma yadda za ki je ya fi abin da za ki faɗa muhimmanci. Kada ki tare shi da safe yana neman makullin babur, kada kuma ki yi ranar da aljihunsa ya bushe. Ki bari kwana ɗaya ko biyu da yin albashi, da dare, ya ci ya ƙoshi, yara sun yi barci, ƙanensa ba ya kusa. Ki fara da naki. Ki ce, "Abban yara, na zauna na rubuta abin da nake kashewa, na ga wuraren da ni ma nake da gyara. Na yanke shawarar ajiye adashe ɗaya in wannan zagayen ya ƙare, anko kuma na dakata sai na dangi na jiki. Ga littafin, ka duba min inda ban gani ba." Ba wai don ke ce mai laifi na ce ki fara da naki ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mutumin da ya shirya kare kansa, in ya ga ba a zo da sanda ba, sai ya rasa abin yi da garkuwarsa. Kada ki ce masa nawa ne albashinka. Ki ce, nawa za mu iya dogara da shi duk wata don gida? Tambayoyin nan kusan ɗaya ne, amma ta biyun ba ta tuɓe masa hula.

In Allah ya sa ya saurara, roƙonki na farko shi ne a sauya yadda kuɗin ke zuwa. Maimakon 3,000 kullum da ke yankewa a tsakiyar wata, gara abin da ya fi haka ƙanƙanta amma ya kai ƙarshe. Ranar albashi a sayi masu nauyi gaba ɗaya: masara, shinkafa, wake, mai, gishiri, magi, sabulu, buhun gawayi. Abin da ya rage na kayan miya a raba shi huɗu, kowane mako da ƙullinsa, kuma ba a taɓa na mako mai zuwa ko da baƙi sun zo. Kafin nan ki auna abin da gidanki ke ci. Mutum bakwai, mudu nawa na masara a mako, mudu nawa na shinkafa? Mata da yawa ba su sani ba, da ido ake ɗiba, shi ya sa kullum ake kwana da ragowar da ba mai ci.

Kina zaune a garin da hatsi ke sauka, ki ci moriyar wannan. Daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin kaka, masara da wake suna shigowa Tudun Hatsi daga ƙauyuka, kuma a mafi yawan shekaru a nan ne farashi ya fi sauƙi, ya fi tsanani kuwa a tsakiyar damina kafin sabo ya fito. To adashen da za ki riƙe, ki roƙi uwar adashe ta sa kwasarki ta faɗo a kaka. In buhu ya fi ƙarfinku, ki haɗa da maƙwabciya ku raba. Amma na ci za ku saya, ba na ajiya don riba ba. A 2025 farashin hatsi ya sauko bayan mutane da yawa sun cika ɗakuna suna jiran tsada, aka tafka asara. Wanda ya saya don tukunyarsa bai yi kuka ba, don ko farashi ya faɗi abincinsa yana nan.

Ajiyar kuma ita ce rabin aikin, musamman wake, wanda ƙwaro ba ya ɗaga wa ƙafa. Ki shanya shi ya bushe ƙarau, har in kin ciza ya ce ƙas. Ki zuba a jarka mai tsabta busasshiya, ki cika ta har wuya, ki sa leda a baki ki murɗe murfin sosai. In iska ba ta shiga, ƙwaron da ke ciki mutuwa yake yi da kansa. Akwai kuma buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masana a jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tun asali don wake, shi ma da toshe iska yake aiki, ba a sa masa magani. Sharaɗinsa kada ya huje, kada kuma a riƙa buɗe shi kullum. Ki ɗebi na wata guda a wani mazubi, ki ɗaure sauran. A ɗora buhu a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Abin da nake roƙonki da girman Allah, kada ki yarda wani ya ce ki zuba fiya-fiya ko wani maganin feshi a abincin da yaranki za su ci. Haka tumatir da tattasai: lokacin da na noman rani ya cika kasuwa ya yi araha, ki yanka ki shanya kauɗa, damina tana zuwa za ki gode wa kanki. Kuɓewa ma haka.

Sai asusun da nake ganin shi ne zai raba ku da wannan faɗan, wato asusun gyara. Duk wata, ranar albashi, kafin a sayi komai, a cire wani abu a ajiye, ko 3,000 ce, ke ma ki ɗora 1,000 daga ɗinki in kin ga dama. Ba na biki ba ne, ba na Sallah ba ne, ba na rance ba ne. Na ranar da wani abu ya fara ƙara ne, don kada a sake cewa a bari a yi albashi. Ki sa shi inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi, asusun katako mai ƙusa ko wani asusun banki da ba ku da katinsa a aljihu. Haka nan kuɗin makaranta da kayan Sallah. Ba ba-zata ba ne, kowa ya san zangon karatu uku ne a shekara, a Satumba da Janairu da wajen Afrilu, Sallah kuma duk shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11. Abin da aka san ranar zuwansa, in aka raba shi a watanni sai ya zama ɗan kaɗan.

Mu dawo kan firji, don na san nan hankalinki yake. Wa ya ce miki ya mutu? Kin rubuta cewa ya yi shiru, ba ki ce mai gyara ya duba ba. Sau da yawa in wuta ta buga firji, ba kwamfireso, wato injin da ke kawo sanyin, ne ke ƙonewa ba, wani ɗan abu ne a jikinsa da ke tayar da shi, masu gyara suna ce masa rile, kuɗinsa bai kai ko kusa da na sabon firji ba. Ko da kwamfireson ne ma, sauya shi ya fi sayen sabo sauƙi in jikin firjin yana da kyau. Ki kira mai gyara biyu daban-daban, kowa ya faɗi nasa, kuma duk abin da aka cire a nuna miki shi a hannu. In ya tashi, kada ki sake jona shi a bango kai tsaye. A saya masa sitabilaiza ko ɗan akwatin nan mai jinkirta wuta, in babu kuwa, da an ɗauke wuta a zare shi, in ta dawo a ba ta kamar minti biyar ta daidaita. A janye shi daga bango ya samu iska, a riƙa share ƙurar bayansa, musamman da hunturu. Robar ƙofa kuma ga gwajinta: ki maƙale takardar naira a ƙofar ki rufe, in kin ja ta zare salin-alin, sanyi yana gudu, injin yana wahalar banza. Kuma kada a fasa ƙanƙarar jikinsa da wuƙa. Ni da nake miki wannan wa'azin, da hannuna na taɓa huda nawa ana gobe Sallah, ina ji ya yi tsiii, iskar gas ɗin ta fice, naman da na tara sai rabo aka yi da maƙwabta.

Rufin ɗakin yara ba zai jira adashe ba. Ko bashin mai shago zai ɗan dakata, a fara da shi, don ruwan da ya ci katifa yana kan cin katakon rufi da silin, in ya jiƙa bango kuma gara ta samu hanya. Yawanci ƙusa ce ta saki ko kwano ya yi 'yar ɓula, aikin awa biyu ne ga kafinta. Daga bana ku mai da shi al'ada, duk Afrilu kafin hadarin farko wani ya hau ya duba, a kuma yashe magudanar ruwa, kin dai san yadda ruwa ke cin ƙasa a Gombe. In an hau ɗin, a sa indararo a kafa durom a ƙasa. Ruwan wanki da wanke-wanke na damina ya fita daga lissafin 'yan ga-ruwa.

Babur ba fanninki ba ne, kuma in kika ce za ki koya wa namiji kula da abin hawansa, wani faɗan ne sabo. A nan ƙanensa zai yi amfani. Saurayi yana ci yana kwana a gida, ai ba laifi in yayansa ya ɗora masa wanke babur duk Asabar, ya sa wa sarƙa mai, ya kai wa mai faci ya gwada iskar taya, ya kakkaɓe matatar iska lokacin ƙura, ya rubuta ranar da aka juye baƙin mai a bangon zaure. Tayar da ba ta da iska tana ƙara shan mai, baƙin man da ya tsufa kuma shi ke kai inji ga buɗewa. Ki ba maigida shawarar a matsayin taimakon yaron, shi ya ba da umarnin da bakinsa. Ke kuma naki keken, ki buɗe farantin ƙasan allura ki share auduga duk mako, ki ɗiga masa man keke na gaskiya. Man gyaɗa daskarewa yake ya kama ƙarfe. Wannan keken shi ne ma'aikacin da ya rage miki a gidan.

Maganar mahaifiyarsa, ƙanwata, ki cire ta daga jerin ƙorafinki kwata-kwata. Ba za ki ci wannan yaƙin ba, kuma bai kamata ki ci ba. Ɗan da ke tuna uwarsa a cikin wannan matsin, shi ne irin mijin da ba zai yar da ke ba ranar da ƙarfinki ya ƙare. Abin da za ki nema kawai shi ne kuɗin Hajiya su zama sanannen adadi, a rubuta su a sahun farko tare da abinci. Ke da kanki ki ce, "A fara cire na Hajiya." Ki ga yadda fuskarsa za ta sauya. In akwai inda za a ja linzami, wurin 'yan'uwa masu ƙarfi a jika ne da ke bugo waya a tura musu na kati, wannan kuma shi zai gano da kansa in ya ga lissafi a rubuce.

Mai shago kuwa a same shi, kuma maigida ne ya dace ya je, ba yara ba. A haɗa littafinsa da naku a tabbatar da adadin, a ce masa za a riƙa ba shi kaza duk wata, a rufe shafin, sabon saye kuma da kuɗi a hannu. Ko 8,000 ake ba shi, cikin wata shida an gama. Ba banza ba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Kuma ko da wasa kada ɗayanku ya ci bashin manhajojin waya don biyan wannan. Ruwan da suke ɗorawa ya isa masifa, ga tozarcin aika wa duk lambobin da ke wayar mutum saƙo in ya yi jinkiri.

Abin da ya sa na hana ki sayar da gwal: naira tana narkewa, gwal yana riƙe darajarsa, firji kuwa daga ranar da aka kunna shi ya fara tsufa. Mai sayen gwal zai zabge miki kuɗin aiki, abin da kika sayar yau da wuya ki iya maido da irinsa baɗi. 'Yan kunnen nan na ranar da ba a fata ne, ranar asibiti da tsakar dare. Kuma in kika kawo sabon firji gidan da ba a sauya hali ba, wutar da ta kashe na farko tana nan. In kin ga dama ki sa kuɗin ɗinkinki a gyaran tsohon, tunda ke ce mai cin ribarsa, amma ki faɗa a fili ko kyauta ce ko rance, don kada ya zama abin gori nan gaba.

To in kin yi duk wannan ya ƙi fa? Zai iya yiwuwa zama na farko ya ture littafin ya ce ba ya son fitina. Kada ki yi zuciya, ki ci gaba da rubutunki, ki ajiye adashe ɗayan kamar yadda kika ce, ki gyara abin da ke hannunki, ki roƙi ko da a mai da kuɗin cefanen na mako-mako. Ki sake gwadawa albashi na gaba. In wata uku suka wuce ba motsi, ko kuma kika ga alamar ramin ya fi wanda muke zato, kamar cacar ƙwallo a waya ko wani bashi mai ruwa da yake ɓoyewa, a nan shawarar yayarki ta zama daidai. Sai dai ko a lokacin, ba ƙara za ki kai ba. Ki gaya masa tukuna cewa kina son Yaya ya zauna da ku, ki je da littafinki, ki nemi a taya ku tsari. Mijin da ya ji labarin gazawarsa a bakin yayansa ba tare da saninsa ba, ko ya gyara, zai daɗe bai manta ba.

Gobe da safe dai ki fitar da katifar nan rana ki ga ko akwai abin da za a ceta a jikinta, ki matsar da shimfiɗar yara daga inda ke ɗiga, ki aika a kira miki mai gyaran firji. In ya duba, ki rubuto min abin da ya ce da kuɗin da ya yanka, kafin ki ba shi ko kwabo. Allah ya rufa asiri, ya ƙara wa maigida buɗi, a shafa min kan yara.